Ƙafar Hagu a Bidiyo, Ƙafar Dama a Fili

Da na yi ritaya daga koyar da wasannin motsa jiki a wata sakandare a Bebeji, na ɗauka ni da filin ƙwallo mun yi sallama. Na sayi tumaki na ɗaure a bayan gida, ina leƙa kasuwa ranar da take ci, wasa kuwa sai dai in ji a rediyo idan na tuna. Ban daɗe a wannan zaman ba Alhaji ya aiko direbansa ya ɗauke ni.

Alhaji mai injin casar shinkafa ne a kusa da Kwanar Dangora. Tun da can ya kafa ƙungiyar ƙwallo don samarin da ke masa aiki su sami abin yi da yamma. Kamar wasa ƙungiyar ta yi ta hawa har ta shiga gasar ƙwararru ta rukuni na biyu, inda ake biyan albashi, ake sa hannu a takarda, ake shiga bas a tafi wasu jihohi. Daga nan dillalan 'yan wasa suka gane hanyar ofishinsa, kullum da wanda zai zo masa da ɗan wasan da wai Turai ke jira.

Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali, sai ya ce, "Malam, an ce mini kai ba ka yarda da kowa."

Na ce, "Ina yarda, Alhaji. Sai dai ba ranar farko ba."

"To irinka nake nema. Bara waɗanda na ɗauko yawancinsu a benci suka ƙare, suna cin albashi suna danna waya. Bana ba ni da ƙarfin haka. Ɗan gaba nake so, mai cin ƙwallo. Ka duba mini wanda idan na biya, zan ga abin da na biya a fili."

Wanda ya ba shi labarina bai yi mini ƙarya ba. Aikin makaranta ne ya mayar da ni haka. Duk shekara a gasar makarantu sai an kawo mana wani an ce ɗan aji biyu ne, amma idan ka shafa haɓarsa ka ji kaushin askin safiyar ranar. Na saba in tsaya a bakin fili in kalli yadda ɗan wasa ke saukowa daga mota, da yadda yake miƙewa in ya faɗi, da wanda yake kallo kafin ya amsa tambaya. Matata takan ce ko kankana zan saya, sai mai ita ya ji kamar a gaban alƙali yake.

Mutum biyu aka ajiye a gabana. Na farko sananne ne, ya buga wa wata babbar ƙungiya a rukuni na ɗaya, duk mai bin ƙwallo a Kano ya san fuskarsa. Shi kocinmu yake so, har ya fara tsara wasa a kansa tun ba a ɗauke shi ba. Sai dai tsadarsa za ta cinye kusan duk abin da Alhaji ya ware. Na biyun wani dillali ne ya kawo maganarsa, mutum mai shadda mai sheƙi da wayoyi biyu, turarensa na riga shi shiga ɗaki. Ya ce matashin ɗan Doguwa ne, dawowarsa ke nan daga buga wasa a wata ƙasa maƙwabciya, lamba tara ne na gaske, kuma abin da ake nema a kansa bai taka kara ya karya ba.

Arhar ce ta fara damuna. Na ce, "In haka yake, me ya sa ba ka kai shi inda za a biya ka da kyau ba?"

Ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, gida muke so ya amfana. Ga shi ka gani da idonka."

Ya miƙo mini waya. Daga nesa aka ɗauki bidiyon, hannun mai ɗaukar yana rawa, an kuma ɗora masa kiɗa. Wani dogon matashi siriri ne yake tare ƙwallo da ƙirji, ya juya, ya narka ta a raga da ƙafar hagu. Ƙwallo bayan ƙwallo, duk da hagu. Na ce ya tura mini a wayata, ya tura.

Ranar gwaji, a wani fili kusa da tafkin Bagauda, na riga kowa zuwa. Matashin a bayan babur ya iso, takalmansa a leda. Dogo ne siriri kamar na bidiyon, tafiyar ma iri ɗaya, sai dai shi kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Koci ya sa shi a gaba. Ba a jima da farawa ba na gan shi ya gangaro tsakiya yana ƙwace ƙwallo. Koci ya daka masa tsawa ya koma, ya koma ya tsaya kamar baƙo a gidan biki, can kuma ya sake sulalowa baya. Sau biyu ƙwallo ta zo masa a ƙafar hagu a gaban raga, sau biyun sai da ya gyara ta zuwa dama, kafin nan an rufe shi.

Dillalin ya matso kusa da ni. "Gajiyar hanya ce, ranka ya daɗe. Kuma bai saba da filin ba."

Da aka tafi hutu na ja matashin gefe, na nuna masa wayata. "Samari, wannan da ka ci da juyi, a wane gari ne?"

Bai kalli wayar ba. Dillalin ya hango, can inda yake tsaye yana amsa kira, sannan ya ce, "Na manta sunan garin, Baba."

"Ƙafarka ta hagu ciwo take yi?"

"A'a, lafiyarta ƙalau." Ya sunkuyar da kai.

Bayan an tashi koci ya ce mini, "Ka gani ko, Malam? Ɓata lokaci ne. A ɗauki wanda aka sani a huta." Da na tsaya a nan ba wanda zai ga laifina. Amma abu biyu suka tsaya mini a rai. Maƙaryatan da na sani da amsarsu a shirye suke zuwa, wannan kuwa ko sunan gari bai tanada ba. Sannan duk lokacin da ya sulalo tsakiya, ban ga wanda ya wuce shi da ƙwallo ba.

Washegari na hau motar Doguwa. Na nuna hotonsa da na ɗauka ranar gwaji a tasha, na nuna wa masu shayi, na je filin da samari ke wasa. Ba wanda ya san gidansu. Wani dai ya ce kamar ya taɓa ganinsa a gasar da ake yi bayan girbi, amma ba ɗan garin ba ne. Ashe har garin ma ƙarya ne.

A hanyar dawowa na sauka a Tudun Wada wajen wani tsohon abokin aikina, wanda ya daɗe yana alƙalancin wasa a yankin. Ya sa tabarau, ya kalli bidiyon, sai ya kama dariya har da tari.

"Wace ƙasar waje? Mutumina, ka ga tankin ruwan can a bayan raga? Filin firamarenmu ne. Wancan mai baƙar rigar da ke gudu kamar agwagwa kuwa, ni ne."

"Mai cin ƙwallon fa?"

"Bahagon nan ne na wajen Tiga, jikan mutanen da aka tayar lokacin da ruwan dam ya ci garinsu. Ban ga irinsa a yankin nan ba. A wani wasa a Kiru gwiwarsa ta lalace, shi ke nan. Yana da ƙane, kamar an tsaga kara."

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Akwai wani daɗi da mai zargi yake ji idan zarginsa ya tabbata, kuma ba daɗi ne mai kyau ba. A mota ina ta shirya yadda zan ajiye wa dillalin maganar a gaban Alhaji. Amma na ce bari in ga bahagon da idona tukuna, don ban cika yarda da labarin da ya zo mini cikin sauƙi ba, ko da daga aboki ne.

Bayan kwana biyu na hau babur zuwa ƙauyensu a bakin dam. Rani ne, gonakin albasa da tumatir sun yi kore shar, kwale-kwale a jere a bakin ruwa. Aka nuna mini shi yana jan tiyo daga injin ban ruwa. Fuskar ita ce, sai dai ya fi ƙanen cika, kuma ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwashewa, janta yake. Ya kashe injin, ya shimfiɗa mini buhu a gindin mangwaro, muka gaisa. Da na faɗi inda na fito bai razana ba.

"Na san za a zo," in ji shi. "Ban dai san wa zai zo ba."

"Da saninka aka yi amfani da bidiyonka?"

"Ni na bayar, Malam. Ƙanena ya daɗe yana yawon gwaji. Duk inda ya je a ce wace lamba, ya ce shida, sai a ce mai ci ake nema. Dillalin ya ce ba mai buɗe aljihu saboda ɗan tsakiya, a bari ya fara shiga tukuna, in ya shiga za a ga aikinsa. Na ce ai ƙarya ce. Ya ce to in bar shi ya tsufa a kwale-kwale. Mahaifinmu bai sani ba, da ya sani da ba a yi ba."

"Ka san sunan abin nan zamba?"

"Na sani." Ya murza gwiwar. "Amma Malam, don Allah mayar da bidiyon baya. Kada ka kalle ni. Kafin kowace ƙwallo, duba wa ya ba ni."

Na kare wayar da hulata saboda hasken rana, na sake kallo. A gefen hoton, inda idona bai taɓa zuwa ba, akwai wani siriri mai riga irin tasa. Shi yake ƙwace ƙwallon, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya tura ta da ƙafar dama ta ratsa tsakanin 'yan baya. A wasu wuraren an yanke bidiyon ba a ga farkon ba, amma duk inda aka gani, shi ne. Na tsayar, na buɗa hoton, na ga kafaɗar da ta ɗan sauka. Duk da haka sai da na zagaya bakin ruwa na tambayi wani dattijo mai gyaran komar kamun kifi, ba tare da na faɗi dalilina ba. Ya ce ai kowa ya sani, babban yana ci, ƙaramin yana dafa masa. Na gode masa, ina tuna wa kaina cewa shi ma ɗan garinsu ne.

A ofishin Alhaji, ga koci a zaune, na faɗi komai ban rage ba. Na ce bidiyon ba nasa ba ne, ba ɗan Doguwa ba ne, bai taɓa tsallaka iyaka ba. Koci yana ta gyaɗa kai. Sannan na ce, "Amma shawarata a ɗauke shi, a lamba shida."

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Ɗan gaba na ce ka nemo mini, ka zo mini da ɗan tsakiyar da ya yi mini ƙarya?"

"Alhaji, na zauna da tsofaffin 'yan wasanka na tambaye su wasannin bara ɗaya bayan ɗaya. Ba a gaban raga kuke faɗuwa ba, a tsakiya ake ƙwace muku. Ɗan gaba komai tsadarsa, in ƙwallo ba ta isa gare shi ba, ɗan kallo ne mai albashi."

Koci ya gyara zama. "Malam, mutanen nan ba daga wajenku suke ba? Ka je har gida, an shimfiɗa maka, ka dawo da sabuwar magana. Me aka ce za a ba ka?"

Na yi shekara da shekaru ina yi wa mutane irin wannan kallon, ban taɓa sanin nauyinsa ba sai ranar. Na juya wajen Alhaji ina jiran ya tsawatar. Bai tsawatar ba. Kallona yake, yana jiran amsa.

Na ce, "Ruwa aka ba ni a kofin roba, na sha. A gwada shi a tsakiya wasa biyu. In ban yi daidai ba, in koma wajen tumakina."

Aka gwada shi. A wasa na biyu koci da kansa ya daina yi masa tsawa, ya naɗe hannu yana kallo. Alhaji ya matse nan ya matse can ya ɗauke su duka biyun, sanannen na kakar wasa ɗaya, matashin kuma a kan mafi ƙarancin albashi. Da dillalin ya zo, Alhaji ya wanke shi tas, ya ce ba don darajar Malam ba da hukuma ce za ta raba su. Mutumin bai yi musu ba. Ya ba da haƙuri, ya fito da takardar da matashin ya sa masa hannu, ya ce ya yafe ladansa na yanzu, sai dai in wata rana an sayar da shi a ba shi kasonsa. Alhaji ya yarda yana jin ya ci riba. Ni kuwa saurin yardar mutumin bai kwanta mini ba, amma a lokacin bakina ba shi da sauran nauyi a ofishin, sai na bar abin a raina.

Kaka ta fara. Sanannen ya ci ƙwallaye, ban hana masa ba. A gida fili yakan cika saboda shi, ana kiran sunansa da ganga, Alhaji yana cewa ko buhunan shinkafarsa sun ƙara fita. Sai dai in za a yi tafiya mai nisa, sau da yawa a ranar cinyarsa take tashi da ciwo. Matashin bai taɓa fashin tafiya ba, ba kuma wanda ya taɓa yi masa waƙa. Nakan zauna a gefe in bi ƙwallon da aka ci in koma da ita baya a raina, galibi sai in tarar daga ƙafarsa ta dama ta taso. Koci bai taɓa ba ni haƙuri ba, amma bai taɓa ajiye shi a benci ba. Ba mu hau rukuni na ɗaya ba, mun dai ƙare a saman inda aka saba. Har yau in aka tambayi Alhaji wanne ya fi amfanarsa cikin biyun, amsarsa takan danganta da wanda ke zaune a wajen.

Da kaka ta ƙare sanannen ya tattara ya tafi inda aka fi biya. Ba a jima ba wata babbar ƙungiya ta aiko neman ɗan lamba shida, da tayin da ya sa Alhaji miƙewa tsaye. Ranar sa hannu dillalin ya iso da takardarsa a cikin leda, ko lanƙwasa ba ta yi ba.

Bayan mako guda, da hantsi, ina jiran mota a Kwanar Dangora, sai na hango dillalin a rumfar mai abinci. Kusa da shi bahagon ne, ya miƙe ƙafar nan tasa a kan benci, suna ci a faranti ɗaya suna dariya. Na so in kau da kai, amma dillalin ya riga ya gan ni.

"Malam, bismillah! Ai kai ka yi mana aikin."

Na matsa. "Wane aiki?"

"Ranka ya daɗe, da na zo na ce ga lamba shida mai kyau, za ka kalle shi sau biyu? Mutum irinka ba ya yarda da abin da aka miƙa masa, sai wanda ya tono da hannunsa."

Bahagon ya ajiye cokali. "Wasa yake, Malam. Wallahi ba haka aka shirya ba. Tsoro ma ya ji da ya ji ka je Tudun Wada."

Dillalin ya yi dariya, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na san dillalai, in abu ya yi kyau sukan ce dama haka suka tsara. Na kuma san cewa ɗan'uwa zai iya rantsuwa don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. A mota na yi ta juya abin, har abokina na Tudun Wada sai da na sa a ciki, na tuna yadda ya gane filin da sauri. Daga baya na ji kunyar kaina, mutumin da muka yi shekaru muna cin abinci tare. Ban taɓa tambayarsa ba.

Ana gobe zai tafi, matashin ya zo gidana bayan azahar da kwandon kifi, manyan karfasa da tarwaɗa, an rufe da ganye. Ya durƙusa a zaure ya ce mahaifinsu ne ya ce a kawo, yanzu ya san komai, ya yi faɗa ya huce.

Na ce, "Samari, tambaya ɗaya zan yi maka. An shirya ne in gano?"

Ya ɗago ya kalle ni, wannan karon ba wanda ya waiwaya ya nema. "Baba, ni dai an ce in je in tsaya a gaba. Na yi ƙoƙari in tsaya, na kasa."

Na yi masa addu'a, na ce ya riƙe salla, ya kuma karanta duk takardar da za a ba shi kafin ya sa hannu. Kifin ne na tsaya ina kallo, don maƙwabta sun ga shigowarsa, kuma na san kafin la'asar labari zai kai inda zai kai. Ina cikin neman yadda zan mayar ba tare da na ci fuskar mahaifin nasu ba, matata ta leƙo, ta amsa gaisuwarsa, ta sa hannu ta ɗauke kwandon ta shige ciki.

Da ta gama suya na ce ta raba biyu. Na zuba rabin a kwano, na ɗaure a bayan babur, na bi ta babban titi na kai wa koci da kaina. Ya buɗe, ya kalli kifin, ya kalle ni, ya tambayi daga ina. Na faɗa masa. Sai ya ce a kawo mana tabarma da yaji.